Kaka a Minisota: Inda Ake Koyon Tambayar Manomi

Ƙarshen watan Oktoba na sauka a Miniyapolis, daidai lokacin da manoman jihar Minisota ke tsakiyar girbin masara, waken suya kuwa tuni an kwashe shi daga gona. Daga Legas muka tashi da dare, muka sauya jirgi a Amstadam, sannan muka ƙetare teku muka bi ta saman Kanada. Ɗan ƙanwata ne ya tarye ni, riƙe da rigar sanyi mai kauri da ya aro mini. Yana shekara ta uku a karatun digirin digirgir, a sashen ilimin tattalin arziki na aikace na Jami'ar Minisota. Kafin in taso mahaifiyarsa ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, don Allah ka dubo mini abin da yaron nan yake karantawa. Likita na san aikinsa, lauya na san aikinsa, shi kuwa na kasa gane inda karatunsa ya dosa."

An kafa jami'ar a 1851, shekara bakwai kafin Minisota ta zama jiha. Harabarta biyu ce a nan Tagwayen Birane, kamar yadda suke kiran Miniyapolis da Sent Fol. Babbar tana Miniyapolis, kogin Misisifi ya ratsa ta tsakiyarta, kuma a can sashen tattalin arziki na zallar nazari yake, wanda ya yi suna a duniya kan harkar kuɗi da hauhawar farashi. Leonid Hurwicz da ya sami kyautar Nobel a 2007 malamin wurin ne, haka ma Thomas Sargent da Christopher Sims sun koyar a can kafin su sami tasu a 2011. Amma ba can ɗana ya kai ni ba. Wata bas muka shiga wadda ke jigilar ɗalibai kyauta, ta yi tafiyar kilomita biyar ko kusa da haka, ta sauke mu a harabar Sent Fol. Da na sauka, warin kashin shanu ne ya fara yi mini maraba. Ga garken shanun madara, ga gidajen gilashi na renon tsirrai, ga filayen gwajin iri an yanka su ƙanana ƙanana da alluna a bakin kowanne, duk a tsakiyar birni. A nan, tsakanin likitocin dabbobi da masu binciken ƙasar noma, aka ajiye masana tattalin arzikin da na zo gani.

Ba haka kawai aka ajiye su a nan ba. A 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha filaye ta sayar ta gina kwalejin koyar da noma da ƙere-ƙere domin 'ya'yan talakawa. A 1887 wata doka ta kafa tashoshin gwajin noma a waɗannan kwalejoji, a 1914 kuma aka kafa tsarin malaman gona da za su kai sakamakon bincike har ƙofar manomi. To idan malamin gona ya je ƙauye ya ce a canza iri, tambayar farko da manomi zai yi ita ce, nawa zan kashe, nawa zan samu, kuma wa zai saya? Daga wannan tambaya fannin ya tsiro. Da farko sunan sashen tattalin arzikin noma, sai aikinsa ya faɗaɗa ya haɗa da abinci da ruwa da daji da lafiya da ilimi da talauci, shi ya sa aka sauya masa suna. Ba zan wuce nan ban faɗi abin da ɗaliban da kansu suka nuna mini ba: filayen da aka raba wa kwalejojin nan na 'yan asalin ƙasar ne aka ƙwace. A wannan shekara ta 1862 aka gwabza yaƙi da ƙabilar Dakota a Minisota, kuma a ƙarshenta aka rataye mutum 38 daga cikinsu a garin Mankato a rana ɗaya. Wannan jini yana ƙarƙashin kyawawan gine-ginen, kuma na ji daɗi da na ga ba a ɓoye shi.

Ginin sashen yana ɗauke da sunan Vernon Ruttan, wanda ya rasu a 2008. Shi da wani masani ɗan Japan, Yujiro Hayami, suka fitar da littafi a 1971 da har yau ake karantawa. Sun kwatanta noman Amurka da na Japan cikin shekaru masu yawa, suka nuna cewa fasahar noma ba daga sama take faɗowa ba, abin da ya yi wa mutane tsada ne ke jawo ta. Amurka tana da fili har ba a san iyakarsa ba, hannun aiki ne ya yi ƙaranci, sai ta karkata ga injuna. Japan tana da mutane, ƙasar ce ta yi kaɗan, sai ta karkata ga ingantaccen iri da taki da ban ruwa. Ina tsaye a barandar ginin ɗana yana yi mini wannan bayani, ni kuwa hankalina ya tafi kan taraktocin da na sha gani an jera a harabar sakatariyoyi a gida, an yi bikin ƙaddamarwa, bayan shekara biyu ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Manomin karkarar Kano mai hekta ɗaya, wanda 'ya'yansa ke taya shi aiki, matsalarsa ta fi kama da ta Bajapane, amma maganin Ba'amurke aka riƙa sayo masa. Ba nisa da nan akwai wani ginin mai sunan Norman Borlaug, tsohon ɗalibin jami'ar da ya sami Nobel ta zaman lafiya a 1970 saboda irin alkamar da ya samar. Shirin Sasakawa da ya jagoranta ya shigo Najeriya a 1992, kuma manoman masara da alkama na Kano da Kaduna da Jigawa sun san shi.

Ɗakin da ɗaliban digirin ke zama a cike yake da tebura da kwamfutoci, ga allon rubutu da ba a bar masa ko tafin hannu ba a rubuce ba. Akwai 'yan Indiya da Sin da Habasha da Kolombiya da Gana, da 'ya'yan manoman jihar da suka taso a kan tarakta. Na tambayi ɗana yaya shekarar farko ta kasance. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Kawu, ban taɓa shan wuya irin ta wannan shekarar ba. A gida na fita da sakamako mai kyau, ina ganin na san tattalin arziki. Da na zo nan sai na tarar abin da muke zana wa hoto a allo mu haddace, su so suke ka kafa hujjarsa da lissafi tun daga tushe." Kalkulas, aljabrar jadawali, ilimin yiwuwa, duk sai da ya koma ya sake ginawa da dare. Kowane mako akwai aikin gida da ke cinye kwanaki, kuma ɗalibai a rukuni suke yi, don ba mai iya ɗauka shi kaɗai. A ƙarshen shekara akwai jarrabawar tantancewa, wanda bai haye ba bayan damar da aka ba shi sai ya haƙura da digiri na biyu. Shi digiri na biyun shekara biyu ne, na ukun kuwa yakan kai biyar. Galibin masu digiri na uku ba sa biyan kuɗin makaranta. Aiki suke yi wa sashen, awa 20 a mako, ko taya malami bincike ko duba takardun ƙananan ɗalibai, a yafe musu kuɗin karatu a kuma ba su abin da zai biya haya da abinci. Ba ya wuce haka. Na faɗi wannan ne saboda iyayen da ke zaton duk wanda ya tafi karatu Amurka daloli yake tarawa. Yaron nan da abokin zama yake raba ɗaki, kuma da kansa yake dafa shinkafa da wake ranar Lahadi ya raba a robobi na mako.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a karatun shi ne tambaya guda da suke maimaitawa safe da yamma: ta yaya ka san wannan ne ya jawo wancan? Ɗana ya ba ni misali da taki. Ka shiga ƙauye ka auna, za ka tarar masu sa takin zamani sun fi samun amfani. Sai ka ce taki ne. Amma su wa ke sayen takin? Masu ɗan hali ne, masu gonakin karkara da suka daɗe suna shan takin gargajiya, masu iya ɗaukar 'yan ƙwadago a yi noman firi a kan kari. Ko ba takin kanti da sun fi maƙwabtansu samu. To nawa ne rabon takin a cikin bambancin, nawa ne rabon sauran? Idan gwamnati ta zuba biliyoyi a tallafin taki bisa lissafin farko, ta yiwu ta sami rabin abin da ta zata, ko ƙasa da haka. Rabin karatunsu dabarun warware wannan ƙulli ne. Wani lokaci a jefa ƙuri'a, waɗanda ta faɗa wa a ba su abin, sauran a bar su, sannan a kwatanta. Wannan hanya ce ta kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga Nobel a 2019. Wani lokaci kuma a nemi inda ƙaddara ta yi rabon da kanta. A 1992 jihar Niyu Jazi ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Fensilbaniya ba ta ɗaga ba, sai David Card da Alan Krueger suka bi gidajen sayar da abinci na ɓangarorin biyu kafin da bayan ƙarin, ba su kuma ga raguwar ma'aikatan da littattafai suka ce dole a gani ba. Har ma dabarar da ta fi duka wuyar fahimta daga kasuwar amfanin gona ta fito: a 1928 Philip Wright, yana nazarin harajin man shanu da man tsirrai, ya nuna cewa in kana son sanin yadda masu saye ke amsa farashi, sai ka nemi abin da ke taɓa yawan kayan da aka noma amma ba ya taɓa sha'awar mai saye, kamar yanayin damina.

Na sami izinin zama a zaman gabatar da maƙala na mako. Wata ɗaliba ce ke gabatar da aikin da ba ta gama ba, a kan hanyoyin karkara da farashin abinci a wata ƙasa ta gabashin Afirka. Ba ta kai minti biyar ba aka fara ɗaga hannu. Wani malami ya ce, ai gwamnati ba da ka take zaɓen inda za ta shimfiɗa hanya ba, inda kasuwa ta riga ta bunƙasa take kaiwa, ko inda ɗan majalisa ke da ƙarfi. Wani ɗalibi ya ce, waɗanda suka bar ƙauyen bayan an yi hanyar fa, suna cikin lissafin? Suka yi ta juya aikin kamar yadda dillalan kara ke yi wa rago, a buɗe baki a duba haƙora, a taɓa gadon baya, a sa shi ya taka a gani. Da farko na ji tausayinta. Amma na lura ba wanda ya taɓa mutuncinta, kuma ba wanda ya fake da girman muƙami. Ƙaramin ɗalibi ya musanta farfesa, farfesan ya ce gaskiyarka. Ita kuma inda ba ta da amsa sai ta ce ba ta da ita, ta rubuta. Bayan an tashi malamin da ya fi matsa mata shi ya tsaya yana nuna mata inda za ta samo tsohuwar taswirar hanyoyin. Na yi fatan ganin irin wannan zama ya yawaita a jami'o'inmu, inda sau da yawa kare kundi ke zama ranar tsoro da raba lemo, ba ranar gyara ba.

Daren da ba zan manta ba shi ne wanda muka yi a kan kwamfutar ɗana yana nuna mini abin da aka rubuta a kanmu. Sashen, tare da ɗakin karatun jami'ar, yana kula da wani rumbun maƙaloli na intanet mai suna AgEcon Search, kyauta ga kowa a duniya. Daga nan muka shiga bin sawun waɗanda suka yi aiki a ƙasar Hausa.

Na farko David Norman, Bature ɗan Ingila, wanda ya zo Samaru a tsakiyar shekarun 1960 ya yi kusan shekara goma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. A lokacin malaman gona wa'azinsu ɗaya ne: a daina haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, wannan rashin wayewa ne, a shuka abu ɗaya a layi. Manoma su ce to, su koma su ci gaba da abinsu. Norman da ma'aikatansa suka zauna a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna zuwa gida gida a kai a kai tsawon shekara, suna rubuta awa nawa aka yi a gona, wa ya yi, me aka samu. Da aka tattara, sai ga shi haɗa shukar ya fi ba da riba a kan kowace eka, ya fi biyan wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli lokacin da ciyawa ta taso hannu ya yi ƙaranci, kuma in damina ta yi gardama ba a tashi a tutar babu. Manomin ne ke da gaskiya. Kakanninmu sun san haka, amma sai da aka auna aka rubuta kafin masu ofis su saurara.

Na biyu Christopher Udry, wanda ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989 yana bin bashin da ke tsakanin gidaje kusan 200. Ya tarar kusan duk rancen tsakanin waɗanda suka san juna ne, ba takarda, ba jingina. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda biyan ke tafiya da halin da aka shiga. In ambaliya ta cinye gonar wanda ya ci bashi, ko ciwo ya kwantar da shi, sai a sassauta masa, ya biya kaɗan ko ya jinkirta. In kuma mai ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, sai wanda ya ci ya yi sauri ya biya, har da ƙari. Wato rance ne da inshora a dunƙule, wanda amana da kunya da idon dattawan gari ke riƙe da shi. Ana koyar da wannan aiki a azuzuwan digiri a faɗin duniya. Ina karantawa ina tuna yadda mahaifinmu ke aika hatsi gidan wani da bazara ba tare da an ambaci ranar biya ba.

Ta uku Jenny Aker, wadda ta yi digirinta a irin wannan sashe a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili. Ta lura cewa tsakanin 2001 da 2006 sabis ɗin wayar salula ya riƙa shiga kasuwannin Nijar ɗaya bayan ɗaya, ba lokaci guda ba. Sai ta kwatanta farashin hatsi a kasuwannin da suka samu da waɗanda ba su samu ba tukuna, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Falken da a da sai ya hau mota ya je ya ji farashi, yanzu kira ɗaya ya ishe shi.

Daɗi da ɗaci suka haɗu mini a daren. Daɗi, don waɗannan mutane sun girmama manominmu, sun ɗauke shi mai hankali da dalili, sun zauna sun saurare shi. Ɗaci, don sunayen da duniya ta sani a kan ƙauyukanmu na baƙi ne, alhali 'ya'yanmu ne suka yi yawon gida gida da takardun tambaya, kuma akwai malamai a Samaru da Kano da Sakkwato da Yamai da suka ƙare rayuwarsu a wannan aiki ba tare da kuɗin bincike ko hanyar buga shi inda za a gani ba. Har yau ƙidayar jama'a ta ƙarshe da Najeriya ta yi ita ce ta 2006. Abin da ɗalibai irin ɗana suka fi dogara da shi shi ne binciken gidaje kusan 5,000 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fara bi tare da Bankin Duniya tun 2010, ana komawa gidajen bayan 'yan shekaru. Alheri ne babba, amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta fi ƙarfin rijiya ɗaya.

Ranar Asabar wani abokin karatunsa ya kai mu gonar iyayensa a kudancin jihar. Tafiya ce a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa baƙa wuluk, masara ta bushe a tsaye iya ganinka, nan da can ka hango gida ɗaya da rumbunan ƙarfe suna ƙyalli a gefensa. Matsakaiciyar gona a jihar wajen hekta 150 ce, kuma hekta ɗaya takan ba da masara sama da tan 11, inda namu ke fama a kusa da tan 2. Uban, dattijo ne da ya haura sittin, shi kaɗai ke tuƙa injin girbi, matarsa na jan motar da ake juye hatsin. Ya ɗauke ni muka yi zagaye biyu. A gabansa akwai allo mai nuna yawan abin da ake samu a kowane taku na gonar da kuma danshin ƙwayar, a wayarsa kuma farashin kasuwar Chikago yana motsi. Ya ce wani kaso na masarar tun kafin ya shuka ya sayar da shi a cinikin gaba, wani zai kai rumbun ƙungiyar gama kai, sauran zai busar ya ajiye har farashi ya gyaru. Yana da inshorar amfanin gona, gwamnati ke biyan fiye da rabin kuɗinta. Duk da haka ba mai kwanciyar hankali ba ne. Ya nuna mini gidajen maƙwabta da suka zama kango, ya ce duk gonakinsu sun koma hannun mutum biyu ko uku. A mota ɗana ya ce wannan shi ne abin da wani malamin sashensu, Willard Cochrane, ya bayyana tun 1958: wanda ya riga kowa karɓar sabuwar fasaha yakan ci riba, in kowa ya karɓa amfani ya yi yawa farashi ya faɗi, wanda ya makara ya fita daga noma, babba ya haɗiye gonarsa, ribar kuma ta tafi ga mai saye a birni da mai ƙasar. Duk mai mafarkin mayar da nomanmu irin na Amurka ya kamata ya fara amsa inda mutanen ƙauyen za su tafi.

A Miniyapolis mun leƙa kangon masana'antar niƙan fulawa ta Washburn a bakin kogi, wadda aka mayar gidan tarihi. Ƙarfin faɗuwar ruwan Misisifi a wurin ne ya sa birnin ya zama kan gaba a niƙan alkama na kusan shekara 50, kuma a 1878 ƙurar fulawa ta kama wuta a wannan wuri ta fashe ta kashe mutum 18. Juma'a kuwa a unguwar Cedar-Riverside muka yi ta, cikin Somaliyawa, waɗanda ba su da taro a Amurka kamar na wannan jiha. Tun 2023 birnin ya yarda a kira salla da lasifika a dukkan lokuta biyar. Bayan salla muka ci shinkafa da naman akuya, da ayaba a gefen faranti yadda suke yi.

A wurin cin abincin ne ɗana ya ba ni wani labari da ake ba sababbin ɗalibai. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, wani matashin masani a kwalejin jihar Ayowa mai suna Oswald Brownlee ya rubuta ƙasida yana cewa, tunda madara ta yi ƙaranci, man tsirrai na shafawa zai iya maye gurbin man shanu. Masu shanun madara suka yi caa, suka matsa wa kwalejin ta janye ƙasidar, ta kuwa janye. Shugaban sashen, Theodore Schultz, ya ajiye aiki ya koma Chikago, malamai da dama suka bi sahunsa. Brownlee daga baya a Minisota ya koyar. Schultz kuwa shi ne ya rubuta a 1964 cewa manomin gargajiya talaka ne amma ba mai ɓarna ba, yana amfani da ɗan abin hannunsa iyakar iyawa, kuma ya sami Nobel a 1979. Wannan fanni kusa yake da aljihun mutane, don haka kullum akwai mai son a lanƙwasa amsar. Na dubi ɗana na ce, ranar da za ka koma gida wani mai iko ya ba ka kwangilar auna shirinsa, wannan jarrabawar ta fi ta shekarar farko.

Nasa binciken a kan wake ne. Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen nomansa, Nijar ta biyu. Da kaka manomi yakan sayar da araha, da bazara farashi ya tashi, wani lokaci shi ɗin ne zai koma ya sayo da tsada don iri ko abinci. Me ya sa ba ya ajiyewa? Amsa ɗaya ita ce ƙwari, kuma an samo mata magani: buhu mai hawa uku da ba ya shigar da iska, wanda masanan Jami'ar Purdue suka fara aikinsa da takwarorinsu na Marwa a Kamaru, aka kuma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Wata amsar ita ce matsin kuɗi, kuma wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa manoman masara a yammacin Kenya da aka ba rance da kaka sun riƙe hatsinsu sun sayar da riba daga baya. Shi yana so ya raba ƙauyuka da ƙuri'a, wasu a ba su buhu, wasu rance, wasu duka biyun, ya ga wanne ne ainihin tarnaƙin.

Ya nuna mini takardar tambayoyinsa. Na karanta har ƙarshe, na ce masa, "Tambaya ta tara, buhu nawa ka ajiye. Kai yanzu baƙo ya shigo gidan kakanka da na'ura a hannu ya tambaye shi abin da ke cikin rumbu, zai faɗa?" Ya ce a'a. Na ce akwai tsoron haraji, akwai tsoron baki, akwai kuma tunanin ko tallafi za a raba, wanda ya ce yana da shi a tsallake shi. Sannan wake da yawa a hannun mata yake, maigida bai ma san adadinsa ba, kuma namiji ba zai shiga ya tambaye su ba, sai ya ɗauki mata masu tambaya. Na ƙara masa da abin da ban gani a takardar ba ko kaɗan. Mutum yakan sayar da wake da kaka ya sayi rago ko ɗan maraƙi ya turke, ya sayar gab da Babbar Salla. Wannan ma ajiya ce, kuma tana da fa'idar da buhu ba shi da ita: ɗan'uwa zai iya zuwa ya roƙi tiya biyu ta wake ka kasa hana shi, amma ba zai roƙi cinyar rago mai rai ba. In bai tambayi abin da aka yi da kuɗin waken ba, zai rubuta cewa mutumin ya yi asara alhali riba ya ci ta wata ƙofa.

Ya jawo kwamfuta ya shiga rubutu, yana tambayata watannin da ake sayen ragon turka da abin da dusa da harawa ke ci. Ya ce harawar ma ai daga waken take, ke nan dole ta shiga lissafi. Muka kai tsakar dare a kan wannan. Kwamitin malamansa zai zauna a kan shawarar binciken idan sanyi ya wuce, sannan akwai hukumar jami'a da ke tabbatar da cewa ba za a cutar da waɗanda za a yi wa tambaya ba, sannan neman kuɗin aikin, wanda shi ne bai tabbata ba. In komai ya daidaita zai iso gida kafin wake ya nuna, ya fara da gaisuwar hakimai da dagatai.

"Kawu, akwai abin da za ka taimaka mini da shi," in ji shi. Yana buƙatar farashin wake na mako mako na shekarun baya, kuma alƙaluman hukuma na wata wata ne, wasu watannin ma babu. Ya ji cewa a kasuwar Dawanau akwai tsofaffin dillalai da ke rubuta cinikinsu a littafi, wasu da boko wasu da ajami, shekara da shekaru. Ya roƙe ni in na koma in shiga layin 'yan wake in nemi shugabanninsu, in yi musu bayanin ko shi wane ne da abin da yake nema, in tambaya ko za su yarda a ɗauki hoton shafukan a bar musu littattafansu, kuma a rufe sunan duk wanda ake bi bashi. Na ce zan je.